Rigar roba ga takin yuriya: aikina da man zurma, laka da ɓuntun shinkafa

Litinin, 13 ga Janairu 2025, Birnin Kebbi

Malam, mai duba kundina, ya amince da tsarin aikin. Daga yau zan riƙa rubuta yadda yake tafiya, saboda ɗaliban da ke bayanmu da kuma masu tambayata a waya.

Robar da nake son haɗawa ita ce foliyuretan, dangin soson katifa da abin da ake cusawa a bangon firji, sai dai tawa ba mai kumfa ba ce, siririyar fata ce. Abu biyu ake gamawa a same ta: mai wanda ke ɗauke da rukunin OH (oksijin da haidurojin a haɗe, inda ɗaurin ke kamawa), da sinadarin aisosayanet. Otto Bayer da abokan aikinsa suka fara haɗa ta a Jamus a 1937, kuma har gobe mafi yawanta daga ɗanyen man fetur take. Man zurma kuwa da nasa OH yake zuwa tun daga gona, domin kusan kashi 90 cikin 100 na kitsensa asid ɗin risinoleyik ne. Man gyaɗa da manja sai an sarrafa su kafin su iya wannan aiki.

A cikin robar zan zuba laka da selulos, wato zaren jikin tsiro da zan cire daga ɓuntun shinkafa, dukansu a niƙe har su kai girman nanomita (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita). Laka falle-falle take, idan fallayen suka warwatsu cikin roba sai ruwa ya yi ta kewaye kafin ya ratsa. Selulos kuma ƙarfi yake ƙara mata.

Amfanin da nake hange shi ne a yi wa ƙwayar yuriya riga. Duk mai noman shinkafa a fadamar Argungu ko Suru ya san yuriya tana taɓa ruwa ta narke, wata ta bi ruwa, wata ta bi iska, shuka ta samu abin da ya saura. Idan rigar ta sa takin ya riƙa fita a hankali, buhu ɗaya zai yi aikin da ya fi na yanzu.

Asabar, 18 ga Janairu

Na ɗebo ɓuntu a wani ƙaramin injin casa. Mai injin ko sisi bai karɓa ba, har murna yake a rage masa tsibin. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan Kebbi a 2015 noman shinkafa ya ƙaru, ɓuntu ya zama kaya. Kuɗin Keke Napep da buhuna ₦3,500.

Malam ya ce tattakar shinkafa ta fi sauƙin aiki, tunda kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɓuntu toka ce mai silika, selulos ɗinsa kuma bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba sosai. Gaskiyarsa. Amma tattaka makiyaya na so, kuɗi ake saye. Ɓuntu babu mai rigima da ni a kansa. An wanke, an shanya, hunturu ya busar kafin la'asar.

Asabar, 25 ga Janairu

Laka iri biyu na samo: farar ƙasa daga wajen Giro, da baƙar laka ta fadama wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa ciki.

Wata tsohuwa mai ginin tukwane a ƙauyen kakannina ce ta nuna mini inda baƙar ta fi kyau, ko da yake ba ta ga dalilin wahalar ba. Ta ce, "Ɗana, mi za ka yi da wagga laka? Ba ta gina tukunya. Ta sha ruwa ta kumbure, ta bushe ta tsage. In yumɓu kaka so, taho in kai ka." Na ce, "Inna, wannan kumburin nake nema." Ta dube ni ta ce Allah ya ba da sa'a, irin addu'ar da ake yi wa wanda aka ga bai jin magana.

Abin da ta faɗa daidai yake da abin da ke cikin littafi. Lakar da ke kumbura dangin simektait ce, wadda montmorilonait ke ciki. Kaurin fallenta ɗaya kusan nanomita 1 ne, ruwa na shiga tsakanin falle da falle ya buɗa su. Inda ruwa ya shiga, roba ma ana iya lallaba ta ta shiga. Fallayen farar ƙasa manne suke gam.

Laraba, 29 ga Janairu

Tace laka. An jiƙa, an dama, an bar yashi ya kwanta. Bisa lissafin Stokes na saurin kwanciyar ƙwaya a ruwa, ƙwayar da ta kai maikiron 2 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) tana sauka santimita 10 cikin kusan awa 8 idan zafin ruwa digiri 20 ne. Don haka nakan dama da safe, da yamma in zuƙe santimita 10 na sama da tiyo, tunda lallausar lakar da nake so ce kawai ta rage a nan, in sake cikawa. Aikin haƙuri ne kawai.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An niƙa ɓuntu, an dafa a ruwan soda mai ƙuna kashi 5 cikin 100, zafi digiri 80, awa biyu. Ruwan ya fito baƙi kirin, lignin (ƙaron da ke liƙe zaren tsiro) da silika ke nan suna barin jiki. An maimaita har ruwan ya fara haske, sannan aka wanke shi da haidurojin feroksaid. Daga giram 200 na ɓuntu na samu kusan giram 60 na farin abu mai laushi. Soda da feroksaid ₦14,000.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau an yi asara.

Matakin da ake ciki shi ne a sa farin selulos a asid ɗin salfurik mai ƙarfin kashi 64 cikin 100, zafi digiri 45, minti 45. Asid ɗin yana cinye sassan zaren da ba su da tsari, ya bar 'yan sandunan da ke jere tsaf, su ne ake nema. Tazarar da ke tsakanin nasara da ɓarna ƙanƙanuwa ce. Asid ya yi rauni, zaren ba zai yanke ba. Ya yi ƙarfi ko zafi ya haura, sai ya narkar da komai ya koma sukari, daga nan ya zuƙe ruwan sukarin ya bar gawayi.

Gawayin na samu. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, aka tada janareta, da tukunyar ɗumama ruwan ta dawo sai na'urar da ke tsayar da zafinta ta ƙi aiki. Allonta na nuna 45, ma'aunin zafi na gilashi da na tsoma yana nuna kusan 70. A gaban idona haɗin ya tashi daga fari zuwa ruwan zuma, zuwa ruwan ƙasa, zuwa baƙi, duka cikin 'yan mintuna. Giram 20 sun tafi.

Baba mai kula da ɗakin gwaji ya ce tukunyar ta daɗe da wannan hali. Shawararsa: babbar roba ta ruwan ɗumi, butar ruwan zafi a dama, ƙanƙara a hagu, ido a kan ma'aunin gilashi. Ya shekara da shekaru a ɗakin nan, kuma na lura dabarunsa duk na wanda ya daina yarda da soket ne.

Ga masu zuwa: wajen sirka asid, asid ake zubawa cikin ruwa sannu-sannu, kwalba zaune cikin ƙanƙara. Ba a zuba ruwa cikin asid.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Dabarar Baba ta yi. Haɗin ya tsaya launin hauren giwa, aka kashe asid ɗin da ruwan sanyi ninki goma, aka juya a sentirifuj (na'urar da ke wulwula kwalba har gari ya kwanta), aka zuba a jakar dayalisis, wadda asid ke ratsawa ya fita selulos ya tsaya. Kullum canjin ruwa har pH, ma'aunin ƙarfin asid, ya daina motsi. Ruwan da ya fito yana da ɗan shuɗi-shuɗi idan an ɗaga shi ga haske, kuma ya kwana bai kwanta ba. Alama ce mai kyau, amma alama ce kawai.

Tataccen ruwa ya fi asid cin kuɗi, abin da ban sa a kasafi ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Sakamakon XRD ya dawo, wato awon da ke haska samfur da X-ray ya zana tsini a kusurwoyi daban-daban, daga nan a gane irin ma'adinin da tazarar fallayensa. Farar ƙasa kawolinait ce, ga tsininta a kusurwar digiri 12.3, wato tazarar nanomita 0.72, ga na yashin kwaz a 26.6. Ban yi mamaki ba, yumɓun shimfiɗar ƙasar da masana ke kira Gwandu galibi haka yake. Baƙar ta nuna tsini mai faɗi kusa da digiri 6, tazarar kusan nanomita 1.5. Simektait ce, gauraye da kawolinait da ɗan kwaz. Gwajin shuɗin metilin ya ba ni kusan 60 a ma'aunin musayar ayon, wato yawan sinadarin da laka ke iya riƙewa a jikin fallayenta, alhali montmorilonait tsantsa tana kaiwa 80 zuwa sama da 100, kawolinait kuma ba ta cika wuce 15 ba.

Na sha ganin kundin ɗalibai inda aka haƙo ƙasa a bayan gari, aka tankaɗe, aka rubuta mata montmorilonait tun daga shafin farko ba tare da an auna ba. Tawa zan kira ta abin da take: lakar fadama mai simektait. Farar ba zan yar ba, za ta zauna a matsayin abin kwatance.

Selulos ɗin ya nuna tsininsa a 22.5 da kafaɗa wajen 16. Tsarinsa na asali bai rushe ba.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar, aiki ya koma daga bayan asuba zuwa azahar.

Laka ruwa take so, man zurma kuma ba ya shiri da ruwa, saboda haka sai an sauya mata hali. An fara mayar da ita mai sodiyam da ruwan gishiri, sannan aka dama ta da CTAB, wani sinadari dangin sabulu, a digiri 70. Shi wannan sinadari kansa na manne wa fallen laka, dogon jelarsa mai son mai ya tsaya a tsakani ya buɗa tazarar. Giram 10 na laka ya ci kusan giram 2.2. Wanki har sai ɗigon silba naitiret ya daina sa ruwan yin fari, alamar ragowar gishiri da CTAB sun fita. Wannan dabara ce injiniyoyin Toyota suka yi suna da ita a Japan wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da suka haɗa laka da nailan.

CTAB giram 100, ₦48,000. Na ji a jikina.

Laraba, 12 ga Maris

MDI, aisosayanet ɗin da zan yi aiki da shi, ya iso daga Kano. Na zaɓe shi a kan TDI na masu katifa domin tururinsa bai kai na TDI tashi ba, amma shi ma yana jawo asma, don haka safar hannu, tabarau, da akwatin zuƙe hayaƙi.

Man zurma sayen sa na yi. Ƙanena ya kawo shawarar mu tatsa daga zurmar da ke bayan gida, na hana. Tunkuzarta na da gubar risin, ga awaki a gidan, ga yara.

Lissafi: adadin OH na man 163, MDI kuma NCO ɗinsa, wato sashensa mai kama OH, kashi 31 cikin 100. A ma'aunin NCO 1.1 zuwa OH 1, giram 100 na mai yana son kusan giram 43 na MDI. Ma'ana kashi 70 cikin 100 na robar daga tsiro yake, sauran daga masana'antar fetur. Duk wanda ya ce maka robar nan ta tsiro ce zalla, tambaye shi ina ya samo aisosayanet.

Fatar farko, babu laka babu selulos, ta fito garau launin zuma, tana lanƙwasuwa ba ta karyewa. Ƙura ce kawai ta zauna mata. Yanzu ina kife kwali a kan faranti.

Talata, 18 ga Maris

Wannan ita ce matsalar da za ta riƙe ni, na gane yau.

An zuba laka kashi 3 cikin 100 a faranti ɗaya, selulos busasshe kashi 1 a wani, dukansu biyu a na uku. Minti goma da zubawa sai ƙananan kumfa suka fara tasowa. Kafin awa ɗaya faranti na uku ya kumbura ya ninka kaurinsa, cikinsa duk ramuka. Rigar taki mai ramuka ba riga ba ce.

Ruwa ne. Aisosayanet bai damu da wane OH ya samu ba, na mai ko na ruwa, kuma idan ya haɗu da ruwa iskar kabon dayoksaid yake fitarwa. Da gangan masu katifa ke zuba ruwa don soso ya tashi. Na zauna na buga lissafin, abin ya ba ni tsoro: giram 1 na ruwa yana cinye kusan giram 15 na MDI, ya fitar da iskar da ta fi lita ɗaya. Na auna lakata kafin da bayan obin, ta rage kashi 8 cikin 100. Giram 3 na laka ke nan yana ɓoye da kusan rubu'in giram na ruwa, wanda ya isa ya ba da iskar da ta ninka girman robar gaba ɗaya. Ga na selulos, ga ɗan wanda ke cikin man. Kuma ɓarnar biyu ce, domin MDI ɗin da ruwa ya cinye ba zai samu damar ɗaure man ba, shi ya sa saman ya tsaya da danƙo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne lakar a bushe take ga ido, ga hannu, har ƙura take tashi. Kuma muna cikin watan da iskar Birnin Kebbi ta fi bushewa. Idan haka ta faru a Maris, ban san me Agusta zai yi ba.

Na kai wa Malam farantin. Ya juya shi ya ce, "To, ka haɗa katifar ɓera." Sannan ya ce laka ta kwana a obin digiri 105, daga obin sai cikin desiketa, rufaffen gilashin da ke hana danshi, kada ta sha iska. Man kuma a ɗumama shi digiri 100 ƙarƙashin famfon zuƙe iska har ya daina tsirto. Na ce, "Ranka ya daɗe, selulos fa?" Ya ce in je in yi tunani.

Alhamis, 27 ga Maris

Fatar laka kaɗai ta fito babu kumfa. An rufe aiki sai bayan Sallah.

Laraba, 9 ga Afrilu

Dalilin da Malam bai ba ni amsa ba: selulos ba ya busuwa a obin ya dawo yadda yake. Ruwa na fita, sandunan sai su manne wa juna ta OH ɗinsu, su zama ɓawo mai tauri. Ka daka, ka tankaɗe, ka zuba a mai, gudaji za ka gani irin na tuwon da aka talga da gaggawa, kuma ba muciyar da za ta fasa su. Duk wahalar asid ɗin Fabrairu ta tashi a banza ke nan, tunda abin ya koma manyan dunƙule.

Inda ake da na'urar busarwa ta daskarewa, da ita ake yi. Mu ba mu da ita. Hanyar da ta rage ita ce kada selulos ya bushe ko sau ɗaya: a juya a sentirifuj, a zubar da ruwan sama, a zuba asiton, a girgiza, a sake juyawa, a yi ta yi har asiton ya kore ruwan. Daga nan a zuba shi da asiton ɗinsa cikin man zurma, a dama, a ɗumama. Asiton na tafasa a digiri 56, sai ya tashi ya bar selulos a cikin mai.

Yana cin asiton ba kaɗan ba, kuma da zafin Afrilu kwalba na buɗe rabi na bin iska. Lita biyu da rabi ₦32,000.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Faranti shida sun fito lafiya. FTIR, awon da ke nuna irin ɗaurin sinadarai da ke cikin samfur, ya nuna tsinin NCO na 2270 ya ɓace, ga na yuretan wajen 1700 da 3330. Haɗin ya kammala.

Jiƙo a ruwa na mako guda: fata zalla ta ƙara nauyi kaɗan, mai laka kashi 3 ta fi ta ƙin ruwa, mai farar ƙasa kusan babu bambanci da zalla. Mai selulos kashi 1 ta fi wuyar tsinkewa a hannu, amma da na kai shi kashi 3 sai ta fi kowacce shan ruwa. Selulos bai bar halinsa ba don ya shiga roba. Laka kashi 5 kuma ta fara dunƙulewa, ana ganin ɗigo-ɗigo idan an ɗaga ga taga.

Zuwa yanzu laka 3 da selulos 1 ne a gaba. Jan hannu ba awo ba ne, sai an kai na'urar ja.

Litinin, 28 ga Afrilu

XRD na fatun ya dawo, babu tsinin laka ko ɗaya. Wani abokin karatuna ya taya ni murna, wai fallayen sun rabu ɗai-ɗai, in rubuta kawai.

Na duba takardar da kyau. Daga digiri 5 aka fara awon. Lakata bayan CTAB tana wajen 4.5, tazarar kusan nanomita 2, idan roba ta shiga tsakani kuma ƙasa za ta ƙara yi. Wato inda amsar take na'urar ba ta leƙa ba. Ko da an fara daga digiri 2 aka ga wayam, laka kashi 3 tana iya yin kaɗan har na'ura ta kasa jin ta. Hoton TEM, madubin lantarki mai nuna fallayen da kansu, shi ne ke raba gardama, shi kuma sai an aika nesa, da kuɗin da ba ni da shi yanzu.

Kalmar nano tana cikin taken kundina, amma ba zan sa ta a babin sakamako ba sai na ga hujja. Na roƙi a sake awon daga digiri 2. Wani ₦36,000 na samfur uku.

Talata, 6 ga Mayu

Gwajin riga na farko. Wani mai walda ya haɗa mini ƙaramar ganga daga tsohuwar tukunyar gas, da mariƙin juyawa, ₦18,000. Yuriya giram 500, an ɗumama zuwa digiri 65, nesa da 133 inda take narkewa. Ana juyawa ana ɗiga haɗin kashi uku, kowane kashi a bar shi ya kama kafin na gaba. Wanda na zuba a tashi ɗaya ya manne ya zama curi.

A kofin ruwa, yuriya tsirara ta ɓace cikin mintuna. Mai riga kashi 3 cikin 100 na nauyinta ta saki fiye da rabi a kwana ɗaya. Mai kashi 6 da laka da selulos ta saki kusan kashi 20. Ƙa'idar Turai ta takin da ke fita a hankali ta ce kada ya wuce kashi 15 a awa 24, kada ya wuce 75 a kwana 28. Ban kai ba, amma na hango.

Da na duba ƙwayoyin da suka fashe da gilashin ƙara girma, yawancinsu masu kusurwa ne ko waɗanda suka manne da juna aka ɓamɓare. Dole a tankaɗe yuriya a ware masu zagaye.

Kawuna da ke noman rani ya ga samfurin, ya murza a tafin hannu. Tambayarsa biyu: nawa zai ƙaru a kan buhu, kuma ina ɓawon robar zai je bayan taki ya fita. Ta farkon zan iya lissafawa. Ta biyun ta fi nauyi, domin kasancewar man daga tsiro bai tabbatar da cewa robar za ta ruɓe a ƙasa ba. Na sa gwajin binnewa cikin tsari.

Laraba, 14 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa da yamma, iska ta yi nauyi. Faranti biyu na jiya sun yi ƙananan kumfa a sama duk da an busar da komai, daga iskar ɗakin suka sha. Silika jel ɗin desiketa da ke yin mako yanzu kwana biyu yake sauya launi. Baba ya ba ni tsohon akwatin gilashi, zan liƙe shi in zuba silika jel a ƙasa, a ciki fatu za su riƙa kamawa.

Abin da aka kashe zuwa yau ya kai kusan ₦340,000, fiye da sulusi a awon XRD da FTIR.

Abin da ke gaba: sakamakon XRD daga digiri 2, yanka fatu don na'urar ja, sake riga da yuriyar da aka tankaɗe, kashi 5, 6 da 8, binne gutsattsarin fata a ƙasar fadama cikin tukwane, a tono wasu bayan wata ɗaya, wasu bayan uku, a auna nauyi. Kawu ya ba ni kunya huɗu a gefen gonarsa don gwajin damina, da sharaɗin idan shinkafar ta ƙi, in biya shi da buhu. Kafin ruwa ya zauna ina son in gama zuba duk fatun da kundin ke buƙata, don haka gobe da jibi a ɗakin gwaji zan wuni.